Ƙulli Tara da Kaka Ta Rubuta

Mu a gidanmu na unguwar Deptford a Landan ba mu san murhu ba. Abin da muke da shi wata tsohuwar hita ce ta gas da ke manne da bangon falo, wadda sai an murɗa ta sau uku an haɗa da magiya kafin ta kama. In ta kama kuma, sai ta gasa maka ƙauri ta bar bayanka yana rawar ɗari. A gaban wannan hitar na ji duk tatsuniyoyin da na sani a duniya, kuma duka a cikin sanyin shekara ɗaya na ji su, lokacin ina ajin ƙarshe na firamare.

Kakata ce ta zo da su, mahaifiyar Baba. Daga Haɗeja aka ɗauko ta don a yi mata aikin ido, saboda yanar ido ta rufe mata idanun biyu har ta kai ba ta gane mutum sai ya yi magana. Bizar wata shida aka ba ta. Baba yana kiranta Inna, Mama tana ce mata Hajiya, ni da ƙanwata Nana kuma muka tsaya a kan Kaka. Ni dai ba ta taɓa kama sunana ba, domin sunan mahaifiyarta aka sa mini. Uwata take ce mini, ko da kuwa faɗa za ta yi mini a kan barin takalmi a tsakar ɗaki.

Ba ta jin Turanci ko na sisin kwabo. Mu kuma muna jin Hausa sarai, amma in aka tambaye mu sai amsar ta fito da Turanci. Wannan bai hana ta hira da mu ba. Takan ce kunnuwanmu ne suka zauna a gida, bakunanmu sun tafi yawon duniya, kuma tana nan tana jiran su dawo.

Doka ɗaya gare ta wadda ba ta sassautawa: ba a tatsuniya da rana. Ta ce wanda ya yi, ɓata zai yi a hanya ranar da ya fi bukatar ya isa gida. Sai aka yi sa'a ta sauka Landan a farkon hunturu, lokacin da ake sallar magariba muna kan hanyar dawowa daga makaranta. Ranar farko da ta tambayi lokaci aka ce mata ƙarfe huɗu da rabi, ga duhu ya rufe taga, sai ta riƙe haɓa ta ce, “To ai wannan garin don tatsuniya aka yi shi.” Tun daga ranar, da mun cire kayan makaranta mun ci abinci, za ta sauko daga kujera ta miƙe ƙafa a kan kafet, don ta ce kujerun Turawa karya bayan mutum suke yi. Tana sanye da safar Baba da rigar sanyin Mama a kan atamfarta, goro a kunci. Sai ta buɗe da nata salon:

“Ga ta nan ta ratso teku, ƙafarta duk ƙura.”

Mu kuma ta koya mana mu amsa, “Ta shigo ta ji ɗumi.” Wannan ce Hausar da ta fara fitowa daga bakina ba tare da an matsa mini ba.

Ta ba mu da yawa, wasu na manta kansu, wasu na manta gindinsu. Wadda ta zauna mini daram ita ce ta ɗan mai daddawa.

Wai wata tsohuwa ce mai sayar da daddawa, tana da ɗa guda ɗaya tilo. Da ya tasa, sai ya ce zai bi fatake zuwa wani gari da ke hayin babban kogi. Uwar ba ta hana shi ba. Ranar tafiya ta yago bakin tsohon zanenta, ta ƙulla wani abu a ciki, ta damƙa masa. Ta ce kada ya kwance sai ya isa bakin ruwa. To zanen mai daddawa kuwa, ko an wanke shi sau bakwai sai ya faɗi sana'ar mai shi. Abokan tafiyarsa masu jakunkunan jar fata suka riƙa toshe hanci suna tambayar wane ne ya taho da kasuwar kuka a aljihu. Ranar farko ya tura ƙullin can ƙasan jaka. Rana ta biyu ya rataya shi a bayan jaki. Rana ta uku, da suka zo tsallake wani rafi, ya waiga bai ga mai kallonsa ba, ya saki ƙullin ruwa ya tafi da shi. Don kada a gan shi hannu rabbana, sai ya tsinci tsakuwa masu sheƙi ya ƙulla a sabon hankici.

A bakin babban kogin wata tsohuwa ce take fito da kwalekwale. Ba ta karɓar ko anini. Abin da take cewa kawai shi ne, kowa ya nuna mata abin da aka ƙulla masa a gida. Wani ya kwance, tokar murhu ce. Wani allura. Wani ƙwallon dabino. Kowa ta duba sai ta gyaɗa kai ta ce ya shiga. Da aka zo kan ɗan mai daddawa, ya warware hankicinsa yana taƙama. A nan Kaka takan sauke murya ta kwaikwayi mai fiton:

“Yaro, wannan ai kai ka ƙulla wa kanka. Jirgina ba ya ɗaukar wanda ba a sallamo ba.”

Aka haye aka bar shi. Ya koma yana bin gaɓar ruwa yana leƙe, ko zai ga ƙullin uwarsa ya maƙale a wani wuri. Yau leƙe, gobe leƙe, har wuyansa ya yi tsawo, ƙafafunsa suka zama sirara, gashi ya fito masa. Shi ne zalɓe, in ji Kaka, shi ya sa kullum za ka gan shi tsaye a bakin ruwa ya ƙura wa ƙasa ido, mutane suna zaton kifi yake nema.

Nana ta tambaya, da Turancinta, me ke cikin ƙullin, Mama ta juya wa Kaka da Hausa.

“Ina zan sani?” Kaka ta ce. “Ni ma ba a gabana aka kwance ba.”

Ni abin ya ba ni haushi. Na ce wannan labari bai cika ba, a makaranta da an rubuta haka malama sai ta mayar wa mutum ya ƙarasa. Da Mama ta fassara mata, Kaka ta yi dariya har goro ya kusa shaƙe ta. Ta ce, “Uwata alƙaliya. To a kai ni ƙara.” Sannan ta rufe kamar kullum, ta ce tatsuniya ta gaji ta naɗe tabarmarta, wanda bai yi sallar isha'i ba ya tashi.

Bayan sabuwar shekara aka yi mata aikin, ido ɗaya da farko, ɗayan kuma bayan 'yan makonni. Ranar da aka cire mata auduga ta dawo gida ta kama fuskata da hannu biyu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce ashe hancin gidansu na ɗauko, Allah ya ba ni haƙuri. Ta bi gidan tana duba komai, har da fulawar da ke jikin labule. A lokacin ne na san cewa Kaka ta iya rubutu. Mahaifinta malami ne, ya koya mata ajami, wato Hausa da baƙaƙen Larabci, kuma kafin idonta ya mutu ita take rubuta wa matan unguwarsu wasiƙa. Shekara bakwai rabonta da riƙe alƙalami.

A cikin watan Maris zan cika shekara goma sha ɗaya, kuma da ƙyar da naci na samu Mama ta yarda in gayyato ƙawayena takwas gida. Kaka ta ce ita ba ta taɓa ganin inda shekara ke raguwa ana murna ba, amma tunda akwai cincin za ta halarta. A makon ne malamarmu ta koya mana wani aikin hannu. Akwai wani biskit da ake bayarwa a gidajen abincin 'yan Sin, in ka fasa sai ka tarar da 'yar takarda a ciki an rubuta abin da wai zai same ka nan gaba. To irinsa muka koya, amma na takarda. Za ka kifa kofi a kan takarda mai launi ka zagaye bakinsa da fensir, ka yanke da almakashi. Ka ɗora siririyar takardar saƙon a tsakiya, ka lanƙwaso gefe da gefe su haɗu ba tare da ka karya ba, sannan ka danna tsakiyar da yatsa ka jawo kunnuwan biyu baya, ka ɗiga gam ka riƙe har ya kama. Na ƙudura a raina kowace ƙawata sai ta tafi da guda.

Da yamma na baje kayana a gaban hita. Na farko ya karye, na biyu gam ya yi masa yawa ya manne mini a yatsa. Kaka tana kallo ta cikin sabon tabaranta. Can ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Sau ɗaya ta ga yadda ake yi, amma nata ya fito tsaf, ya fi na malama kyau. Hannun da ya shekara hamsin yana saƙa faifai ba takarda ce za ta gagare shi ba. Ta juya shi a tafin hannu ta ce kofaton akuya ne sak.

“To wannan abincin da ba a ci, me ake yi da shi?”

Na haɗa Hausata da Turanci da nuni na yi mata bayani. Na ce a ciki ake rubuta wa mutum abin da zai faru da shi, kamar za ki yi kuɗi, ko za ki yi tafiya mai nisa.

Sai ta ajiye shi a kan kafet. “Duba kenan?”

Na ce wasa ne kawai.

“Ko da wasa, Uwata. Gobe ta Allah ce, ni da ke ba mu leƙa ba. Amma in roƙa wa mutum za a yi, wannan kam na iya.” Sai fuskarta ta washe. “Kawo bairo. Ni zan rubuta. Kowace yarinya da tata addu'a, da sunanta. In ta buɗe ta kawo mini in karanta, ke kuma ki juya mata da Turanci. Kin ga kin zama tafinta.”

Na amsa da sauri, kuma har ga Allah a wannan yammacin da zuciya ɗaya na amsa.

Kwana huɗu muka yi a kan aikin nan, kuma ban taɓa samun kwanaki irinsu ba. Kaka ta ce ba a yi wa mutum addu'a a makance, sai an san inda ke masa ciwo. Don haka tatsuniya ta juya, ni na koma mai bayarwa. Na ba ta labarin Precious da in'ina ke hana ta ɗaga hannu a aji. Na ba ta na Linh da babanta ya koma ƙasarsu bai dawo ba. Na ba ta na Gemma, wadda duk ajinmu ke bi, wadda in ta yi dariya kowa sai ya yi, amma mahaifiyarta tana yawan kwanciya a asibiti. Kaka takan saurara, ta yi tambaya, ta gyara mini Hausa ba tare da ta nuna gyara take yi ba. Sannan ta sunkuya a kan 'yar takardar, harshe a gefen baki, ta fara da Bismillah, ta rubuta sunan yarinyar yadda kunnenta ya ji shi. Gemma ta zama Jamma. Layin yana gangarowa ƙasa, amma ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Ni kuma in rubuta sunan da boko a bayan kowane ƙulli don kada su cakuɗe.

Ƙulli na tara nawa ne. Shi ta juya mini baya ta rubuta, ta fi daɗewa a kansa, kuma na ga ta juya takardar ta ci gaba a bayanta. Da na leƙa ta kare da gwiwar hannu ta ce, “Sai kin isa bakin ruwa.” Muka yi dariya mu duka.

Ana jibi bikin, Mama ta makara a wurin aiki, sai Kaka ta ce ai yanzu tana gani, ita za ta je ɗauko mu. Na fito daga aji na hango ta a bakin ƙofar makaranta, cikin babbar kwat ɗin Baba da ta kai mata har ƙauri, atamfa ta leƙo ta ƙasa, safa da silifa a ƙafa. Tana hango ni ta ɗaga hannu ta ƙwala, “Uwata!” tana murmushi da haƙoranta da goro ya rina. Gemma tana gefena. Ta tambaye ni ko wannan ce kakata, kuma me ya sami haƙoranta, jini ne? Ta yi dariya, sauran suka taya ta. Ba wata muguwar dariya ba ce, kafin mu kai kwanar titi na tabbata sun manta. Ni ce ban manta ba. Na riƙa hango ƙawayena a jere a falonmu, kowacce da takarda mai rubutun da ba ta taɓa gani ba, tsohuwar nan tana karantowa da ƙarfi, ni kuma a tsakiya ina fassara addu'a a kan ciwon uwar Gemma a gaban kowa. 

Da zan iya gaya wa Kaka. Da zan iya gaya wa Mama. Ban gaya wa kowa ba. Ranar Asabar da safe, Mama ta tafi kasuwa sayo kaji, Kaka tana wanka, na ɗauko kwanon da muka jera su a ciki. Bakin ƙullin a buɗe yake ta gefe, jan takardar ba wuya. Na zare duka taran, har da nawa, don ina sauri ban tsaya tantancewa ba. Na zura waɗanda na rubuta a ɓoye da alƙalami mai ƙyalli: za ki yi suna, za ki auri mai kuɗi, za ki je Amurka. Na dunƙule na Kaka a hannu na rasa inda zan kai su, sai na ji ƙarar ƙofar banɗaki. Na cusa su cikin kwandon sharar kicin, na tura ɓawon albasa da jiƙaƙƙen ganyen shayi a kai. A lokacin ko kusa zalɓe bai faɗo mini a rai ba.

Kaka ta yi kwalliyar da ban taɓa ganin ta yi ba. Ta ɗauko leshin da ta ajiye don Sallah, ta turara shi, ta sa kwalli a sababbin idanunta. Tun safe ba ta ci goro ba, kuma na ga ta daɗe da asuwaki, har yau kuwa ban san ko ta lura da dariyar bakin makaranta ba. Ta hau kujerar nan da ta tsana ta zauna ƙyam kusa da hita. Kowace yarinya ta shigo sai ta ce mata “Welcome,” kalmar da ta kwana biyu tana maimaitawa da Nana.

Bayan an yanka kek na zagaya da kwanon. Falon ya kaure da ihu. Gemma ta karanta nata da ƙarfi, wai za ta yi suna, ta ce wannan ya fi duk wani fati da ta je. Kaka ta gyara tabarau, ta gyara zama, ta buɗe tafin hannunta a kan cinya. Ba wadda ta nufo ta. Da ta ga shiru, sai ta yafito Linh da ke kusa, ta ce, “Come, come.” Linh ta miƙa mata takardar cikin ladabi. Kaka ta kai ta kusa da ido, ta ga baƙaƙen boko masu ƙyalli, ta juya bayanta ta ga fari fat. Ta daɗe tana kallon farin. Sannan ta mayar wa yarinyar da hannu biyu, ta shafa kanta ta ce, “Madalla.” Ba ta dube ni ba. Ta zauna a kujerar nan har aka watse, tana murmushi ga duk wadda suka haɗa ido.

Mama ta fahimci abin da ya faru, kuma ana rufe ƙofa bayan baƙuwa ta ƙarshe ta juyo kaina. Kaka ta ɗaga hannu.

“Ƙyale ta. Ranarta ce.”

Na shige ɗaki na zauna a kan gado da kyaututtukana, ban buɗe ko ɗaya ba. Da ƙishirwa ta kore ni na fito, sai na tarar da Kaka a durƙushe a kicin, cikin leshinta, ta zazzage kwandon shara a kan jarida. Tana tsintar takardun ɗaya bayan ɗaya daga cikin ƙashin kaza da ragowar kek, tana warware su, tana goge maiƙon da bakin mayafinta. Tana ƙirgawa a hankali. Ta samu takwas, ta ci gaba da tono har ta samu na tara.

Ba ta ɗago ba ta ce, “Uwata, in ba ki so su ba, da kin maido mini. Akwai sunan Allah a kai. Ba a zuba shi a shara.”

Na san wannan. Kowace Asabar ana faɗa mana a Islamiyya, kuma na sha ganin Baba ya tsinci takarda mai rubutun Larabci a bakin masallaci ya sa a aljihu. Amma da safen nan ban ga Bismillah ba, abin kunyata kawai na gani. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ko a wannan lokacin ba ta yi maganar kanta ba, ba ta ce na wulaƙanta ta ba, ba ta ambaci kwana huɗun da ta yi a sunkuye ba.

Ta ɗauki kaskon turarenta ta fita baranda, ta hura gawayi. Na bi ta na tsaya a bakin ƙofa. Ta riƙa sa su ɗaya ɗaya, kowacce sai leɓenta ya motsa kafin ta saki, ina jin karanta wa masu su take yi ko da ba su ji ba. Ta ƙarshe ita ce mai rubutu ciki da baya. Ta riƙe ta ta ɗan jima. Taku biyu ne tsakanina da ita. Da na ce, Kaka karanta mini, na san za ta karanta. Kunya da taurin kai suka ɗaure mini baki, na tsaya ina kallon silifana har na ji ƙaurin takarda.

Ba ta canja mini fuska ba bayan haka. Tana ce mini Uwata, tana yi mini kitso, tana ɓoye mini tsokar nama a ƙasan tuwo. Amma a ƙarshen watan aka tura agogo gaba da awa ɗaya, abin da ta ce ba ta taɓa jin ƙarfin hali irinsa ba, a ce mutum ya matsar da lokacin Allah da yatsa. Rana ta fara daɗewa. In Nana ta jawo ta ta ce a yi tatsuniya, sai ta nuna taga ta ce, “Ba ki ga rana ba? So kike mu ɓata?” Kafin duhu ya yi, an kora mu barci saboda makaranta. Aka daina kunna hitar. Har ta tafi ba a sake ko guda ɗaya ba. Dokarta ce tun asali, ba sabuwa ta ƙirƙiro ba, don haka ban da hujjar cewa ni na jawo. Amma akwai Juma'a, akwai Asabar, da ba a tashi da wuri, kuma ko a ranakun nan ba ta sauko kan kafet ba.

Shekara biyu bayan komawarta ta rasu. Mun yi ta gaisawa a waya, irin gaisuwar da ake miƙa wa yaro waya ya ce lafiya lau ya miƙa wa na gaba. Da na girma na tambayi Mama ko Kaka ta taɓa gaya mata abin da ta rubuta mini. Ta ce ba ta faɗa ba, ita kuma ba ta iya ajami ba balle ta leƙa.

Ina yarinya na ɗauka darasin ɗan mai daddawa shi ne a bi maganar iyaye, irin darasin da ake rubutawa a ƙasan shafi. Da na shiga jami'a na fara jin zafin Hausata da ke tafiya da sanda, sai na ce a'a, maganar wanda ya bar gida ce, gida ya bar shi. Yanzu da nake da 'ya'ya biyu masu amsa mini da Turanci, ba saurayin nake tunani ba. Uwar nake tunani. Tatsuniyar ta bar ta a ƙofar gida da yagaggen zane, ba wanda ya sake waiwayarta, kuma ta yi mata gata ɗaya: har ta mutu ba ta san an jefar da ƙullinta ba. Ni ban yi wa Kaka wannan gatan ba. Da sababbin idanunta ta gani, idanun da aka ratso teku da ita don a buɗe.

Da na sani ƙeya ce, haka ake cewa. Amma ni an ba ni dama ta biyu a gabana ƙiri-ƙiri, kuma wannan ne ban taɓa gaya wa kowa ba. Ranar da za ta tafi mun raka ta filin jirgi. Mutanenmu in za su yi doguwar tafiya sukan nemi gafarar waɗanda suka zauna da su, don ba a san ko za a sake haɗuwa ba. Kaka ta bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ta nemi gafarar Baba, ɗan da ta haifa, har ya rasa inda zai sa kansa. Ta nemi ta Mama, suka rungume juna suna kuka. Ta tsokani Nana. Wata ma'aikaciya ta riga ta kawo kujera mai taya tana jira. Da ta zo kaina ta sunkuyo, ta kama hannuwana biyu, ta yi ƙasa da murya yadda ba wanda zai ji sai ni.

“Uwata, in na ba ki kunya a gaban ƙawayenki, ki yafe mini. Ban san garin ba.”

Kalma huɗu ce ta rage mini, kuma na iya su da Hausa sarai: ni ce mai laifi. Suna nan a kan harshena. Na kalli ma'aikaciyar nan da ke duba agogo, na kalli mutanen da ke wucewa da akwatuna, sai na buɗe baki na ce, “It's okay, Kaka.”

Ba ta ji kalmomin ba, amma ta gane amsar. Ta ce ta gode, Allah ya yi mini albarka. Ta zauna aka tura ta. Haka muka rabu da kakata, ita ta roƙa, ni na yafe mata.